Neman Mai Duba Rijiyar Gwaggo

Ƙarfe tara da kwata na safe tafiyar ta fara lalacewa, ko Kazaure ba mu kai ba. Tun da na dawo, duk wadda ta gan ni a aji ko a ɗakin karatu sai ta ce, "Mardiyya, yaya Nijar?" ni kuma in ce lafiya lau, in sunkuyar da kai. Kun san ba ni da baki a cikin mutane. Ƙawata Hadiza ce ta ce in ba zan iya faɗa ba in rubuta, kowa ya karanta, in huta. To ga shi. Sai dai kafin in koma kan ƙarfe taran, bari in faɗi abin da ya fitar da ni daga gida, don da yawanku sun ɗauka ziyara na je.

Gwaggo Hajara yayar Abba ce. Ta yi aure a wani ƙauye a jihar da ke maƙwabtaka da tamu, mijinta ya rasu, ta ƙi dawowa birni. Gonar da take ci da rijiyar da ke bakin gonar gadon kakanmu ne, kuma daga rijiyar nan ita da jikokinta da maƙwabtanta suke sha. Bara wani kamfani ya nemi izinin kafa masana'antar tace yuraniyum, ma'adinin da ake samar da wutar nukiliya da shi, a dajin da ke gabas da gonar. Dagaci ya aiko cewa duk mai fili a kusa ya faɗi ko ya yarda kafin a yi shuka. Abba ne babban namiji a gidansu, don haka maganar a bakinsa take. Ya ce shi ba ya ƙin titi da wuta da aikin yi ga matasa, amma ba zai ce ya yarda ba sai ya san wa zai riƙa duba ruwan rijiyar nan, kuma in ya ɓaci ƙofar wa za a buga. Da yake ni ce mai karatun shari'a, sai ya juyo ya dube ni.

Na je ofishin jihar. Suka ce ma'adinai da duk abin da ya shafi nukiliya na gwamnatin tarayya ne, tsarin mulki ne ya faɗa. Na je Abuja. Suka ce ƙasa a hannun gwamna take, ruwan sha da lafiyar jama'a kuma aikin jiha ne. Na dawo na buɗe littattafaina, na tarar babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Wannan shi ya fi gajiyar da ni.

Ana cikin haka Kawu Sidi, ƙanin Umma, ya zo yin sallama zai kai turkuɗi, zanen rinin nan mai sheƙi, Agadas. Bafatake ne, yatsunsa kullum shuɗaye kamar na marinan Ƙofar Mata, kuma da yake kakanninmu ta hamada suka zo Kano, babu garin da ba shi da ɗan uwa daga nan har inda titi ya ƙare. Ya ce akwai 'yar uwar Umma, Tima, tana aure a garin da ke arewa da Agadas, inda ake haƙar wannan ma'adini tun ba a haife ni ba. Me zai hana in bi shi in ga wa ke duba musu nasu ruwan? Umma ba ta so ba. Kun san yadda garin yake, yau ƙarar bam, gobe dokar hana fita, shinge a kowace kwana. Abba kuwa ya ce tun da da Kawu zan tafi, in je.

Daga tashar Ƙofar Ruwa muka tashi. A shingen sojoji na kan hanyar Kazaure aka ce kowa ya buɗe jakarsa. A saman kayana akwai littafin da na saya a Abuja kan dokokin nukiliya, bangonsa rawaya, da alamar nan baƙa mai kama da fanka. Sojan da ya zo kaina yaro ne, idanunsa jajur, ka san ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya ɗaga littafin da yatsu biyu, ya karanta kalmar farko, ya ja da baya ya gyara bindigarsa. Aka sauke mu duka, aka zaunar da mu a ƙasa cikin rana, hannu a ka. Ya tambaye ni da Turanci me nake yi da wannan. Amsar tana cikin kaina, a shirye, har da sunan kwas ɗin da nake ɗauka. Bakina ya ƙi buɗewa. Kawu ne ya yi ta cewa ɗaliba ce, lauya za ta zama, ko kaza ba ta iya yankawa. Sai da rana ta take wani babbansu ya zo, ya duba shafi biyu, ya cusa littafin a aljihun wandonsa, ya ce mu tafi.

A mota babu wanda ya yi mini magana sai wata Hajiya mai sayar da robobi, wadda aka zazzage wa kaya a titi saboda ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, duk littattafan duniya ba ki ga na ɗauka ba sai mai hoton fanka?" Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma in Allah ya mai da ni lauya in tuna da robarta biyu da suka fashe. Daga baya ita ta ba ni ruwa da gyaɗa.

Bakin iyaka a Kwangwalam teburori ne jere a ƙarƙashin darbejiya, kowane tebur da kalar kakinsa. Mai duba fasfo ba ruwansa da kaya, mai duba kaya ba ruwansa da katin allura, kowa in ya gama da kai sai ya nuna maka na gaba da haɓa. Saboda jinkirin da na jawo, mun tsallaka ɓangaren Nijar daidai lokacin da jandarmominsu suka rufe taga suka tafi hutun tsakar rana. Su a can haka suke, ofis yana rufewa da azahar, ba ya buɗewa sai wajen la'asar, ko wa ke jira. A wajenmu ma'aikaci ba ya gaya maka ya tashi, sai dai ka yi ta kallon kujerarsa da hularsa a kan tebur. Su kuwa a fili suke rufewa, har da kwaɗo. Ban san wanne ya fi ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda ake kallonmu. Daga nan har Agadas, a kowane shinge jandarma zai leƙo ya ce 'yan Najeriya su sauko. Sauran su zauna. A gida mu ne masu tsoro, a can kuma mu ake tsoro. Kawu ya saba, yana sauka yana raha da su da Faransancinsa na kasuwa. Ni kuwa kowane sauka sai na ji kamar an kira sunana a gaban aji.

A Damagaram muka sauka gidan fatoman Kawu, wato maigidan da ke saukar da fatake ya kuma nemo musu masu saye. Aka shigar da ni cikin gida wajen matarsa, Hajiya Zinaru, mace mai fara'a da saurin magana. Ta ajiye mini bokiti cike da ruwa a bakin ɗaki. Hijabina ya yi daƙal-daƙal saboda zaman ƙasa, sai na yi wanka da rabi, na wanke hijabin da safa da sauran, na ɗauraye har sau biyu yadda Umma ta koya mini, na zubar a tsakar gida. Na ɗago na ga matan gidan duk sun tsaya suna kallon ruwan yana shigewa ƙasa. Ashe garin ruwa wahala yake, famfo sai ya yi kwanaki bai kawo ba, kuma bokitin nan an ajiye shi ne don ni da yara uku. Hajiya Zinaru ta yi dariya ta ce ai daga gani 'yar Kano ce, ta taso a bakin famfo. Ta aika aka nemo ɗan garuwa. Har muka bar gidan ban iya haɗa ido da ita ba, ita kuwa sai ƙara mini fura take yi, mai kauri, an dama da cuku da dabino. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yankar dasashi, amma in ka tsoma shi a shayi sai ka manta da namu.

Daga Damagaram babbar mota muka shiga. Bayan Tanut titin ya zama suna kawai. Taya ta fashe, aka canza, wadda aka canza ita ma ta fashe. Muka yi azahar da taimama a inuwar motar. A nan na fara zama kusa da Buzaye, ba a bakin shago ko gadin gida kamar yadda muke ganinsu a Kano ba. Mazansu ne ke rufe fuska, sai idanu kawai, ko shayi za su sha ta ƙarƙashin amawali suke shigar da kofin. Matansu kuwa fuska a buɗe, suna gaisawa da maza, suna tsoma baki a hirarsu. Wata tsohuwa ta kama gefen hijabina, ta duba tsawonsa har ƙasa, ta tambaye ni da Hausarta mai karyewa ko takaba nake yi. Na ce a'a. Ta ce to me na yi aka hukunta ni.

Wasu daga cikinsu suka hura gawayi suka ɗora shayi, suka miƙo mana. Na sha kofin farko, mai ɗaci kamar magani, na yi godiya na miƙe. Kawu ya yi gyaran murya. Ashe zagaye uku ake yi, kuma wanda ya tashi a na farko kamar ya ce bai yarda da mai shayin ba ne. Na koma na zauna, na sha na biyu da na uku, kaina ya yi ta sarawa har Agadas.

A Agadas mun daɗe, don ba a bin hanyar garin ma'adinan sai da rakiyar sojoji, kuma ba a faɗin ranar da ayarin zai tashi. Kawu ya samu damar sayar da kayansa. Na zauna a bayansa ina kallo. Mai saye zai goga turkuɗin a bayan hannunsa, in shunin ya kama fata sosai sai ya gyaɗa kai, alamar mai kyau ne. A kasuwarmu in zane ya zuba a hannu mayar wa mai shi ake yi. Kawu ya ce shi ya sa yake son fatauci, abin da ake zaginka a kansa a nan, a can shi ake biya.

Ranar da aka tashi, motar soja a gaba, motar soja a baya, ba tsayawa ko don fitsari. Kafin ka ga garin sai ka fara ganin tuddai masu launin toka, manya, kansu a shafe. Na ɗauka duwatsu ne. Wani fasinja ya ce ƙasar da aka tace aka zubar ce. Garin kansa biyu ne. Akwai gidajen kamfani a jere, da wuta da famfo da asibiti. Akwai kuma sauran gari, inda aka yi ɗakuna da langa-langa da tsofaffin durom.

Tima tana gidajen kamfani, don mijinta Agali direbansu ne. Ba ta taɓa ganina ba, amma ta rungume ni tana kuka, tana cewa ga hancin Umma nan sak. Agali dogo ne, mai sanyin murya. Kafin mu gama gaisawa ya sa an kayar da rago. Kawu ya ce wannan ɓarna ce, shi kuma ya ce jinin matarsa ya taso tun daga Kano cikin wannan hali, in bai yanka ba da wane ido zai kalli mutane. Aka gasa, aka yi romo, aka kawo da tagilla, burodin da suke gasawa a cikin rairayi da toka. Ban taɓa cin nama mai yawa haka ba. Tima ta ba ni gadonta, ita ta koma tabarma.

Da yake ni mai yawan kallo ce, ban daɗe ba na lura ruwa iri biyu ne a gidan. Akwai famfo a tsakar gida, da shi ake wanki da wanke-wanke da alwala. Akwai kuma shuɗiyar jarka a cikin ɗaki, an rufe ta da buhu, wadda Agali ke cikowa in aiki ya kai shi nesa da gari. Daga jarkar ake ba yara, daga ita ake ba ni da Kawu. Tima da Agali kuwa ban taɓa ganin sun sha daga cikinta ba. Wata rana da hantsi ƙaramar 'yarsu ta tara kofi a famfo, Tima ta taso da sauri ta buge mata hannu har kofin ya faɗi. Ta juyo ta ga ina kallo, sai ta yi murmushi ta ce yarinyar nan ta cika wasa da ruwa.

Muna nan aka ce masu duba aikin kamfanin za su zo. Agali ne zai ɗauko su daga filin jirgi, tun da sassafe yana wanke mota ciki da waje. Garin ya canza. Tankoki suna ta yayyafa ruwa a tituna, aka raba wa ma'aikata sababbin takunkumin rufe hanci, aka kwashe tarin ƙarafan da ke bakin hanya. Da ya dawo cin abincin rana na daure na tambaye shi su wane ne, wa ke aiko su. Ya ce daga babban birni suke, kuma wani lokaci mutanen gwamna sukan biyo su, duk a mota ɗaya yake ɗauko su. Tun mako guda kafin su zo ake sanarwa, don a shirya musu masauki. A gidan baƙi na kamfani suke sauka, can ma an yanka musu raguna. Da alfahari yake faɗa, ba da ƙorafi ba. Ya ce baƙi ne, sun sha hanya, dole a karrama su, kuma mutanen kirki ne, babbansu har hula ya taɓa ba shi. Na tambaya ko suna shiga gidaje su ɗebi ruwan famfo. Ya ce shi dai inda aka ce ya kai su nan yake kai su. Sannan ya tura mini kwanon nama ya ce ban ci komai ba.

Da yamma na samu Kawu a zaure na ce ina so in tambayi Tima maganar jarkar nan, in tambaye ta ko ta taɓa kai kuka wani wuri, da abin da aka ce mata. Abin da ya kawo ni ke nan. Kawu, wanda ba ya rabo da wasa, ya daina murmushi.

"Barista," in ji shi, don haka yake tsokanata, "kin ci ragon mutum, kin kwana a gadon matarsa. Yanzu za ki zauna a tsakar gidansa ki tambaye ta ko aikin da yake ci da su da shi yana cutar da 'ya'yansa?"

Na ce ba haka zan faɗa ba.

"Ko yaya kika faɗa, haka za ta ji. In ta ce e, ta tona asirin mijinta a gaban baƙuwa. In ta ce a'a, kin sa ta yi miki ƙarya. Wanne kike so ki saka mata da shi?"

Duk da haka na gwada. Ranar da za mu tafi Tima ta zaunar da ni tana yi mini kitso, mu biyu kawai, jarkar tana gefenmu. Na shirya kalmomin, na tausasa su iyakar iyawata. Na ce, "Anti Tima," ta ce, "Na'am," sai ta tuna wani abu, ta tashi ta buɗe akwati, ta ciro awarwaron azurfa na aurenta ta zura mini a hannu, ta ce in riƙa tunawa ina da uwa a nan. Ta ce me zan ce ɗazu? Na ce dama godiya zan yi.

Muka kamo hanyar dawowa. Na yi ta tunanin mutanen nan da Agali ya ɗauko, masu digiri da na'urori. Ban san abin da suka rubuta ba, kuma ba zan ɗora musu abin da ban gani ba. Na dai san ni rago ɗaya aka yanka mini, kuma tambaya ɗaya tak na zo da ita, na koma da abata.

Mun iso bakin iyaka muka tarar an rufe. An kai hari wani wuri a ɓangarenmu, kuma babu mai cewa ga ranar buɗewa. Motoci sun yi layi har cikin gonaki. Mata aka ba mu ajin wata makaranta muke kwana, da rana kowa ya nemi gindin bishiya. Wayata ta kama layin gida kaɗan-kaɗan, Abba ya kira ya ce dagaci ya sake aikowa, an yi ruwan farko, saura shi da mutum biyu ba su ba da amsa ba. Bai tambaye ni me na samo ba. Ya ce dai Allah ya dawo da mu lafiya.

Kawu ba ya iya zama shiru, duk direban da ke layin nan sai da ya san garinsu. Wata rana bayan azahar ya zo da sauri ya ce in tashi, wadda nake nema Allah ya kawo mini ita har gindin darbejiya. Wata farar motar gwamnati ce ta maƙale kamar kowa. Mai ita ma'aikaciya ce a ofishin tarayya mai sa ido kan irin waɗannan masana'antu, ta dawo daga wani taro. Direbanta ya ce ta fi shekara ashirin tana aikin.

Sunanta Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, babbar mace mai tabarau a rataye da zare. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, duk sun kumbura. Kawu ya yi gaisuwa mai tsawo, ya gabatar da ni, ya koma gefe. Ta ce in zauna. Kafin in ce komai ta jawo wani kwano ta buɗe, dambun nama ne da burodi, ta turo gabana.

"Ci, 'yata. Dubi yadda kika bushe."

Na ce na gode, na ƙoshi. Ta ce a wannan wurin babu wanda ya ƙoshi, in sa hannu. Yunwa nake ji ƙwarai, tun safe shayi kawai na sha. Na sa hannuwana a ƙarƙashin hijabi na riƙe.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba zan ci ba sai na yi miki tambaya. In na ci ba zan iya ba."

Na ji Kawu ya yi salati a hankali a bayana. Ban taɓa mayar wa babba da abinci ba a rayuwata. Madam Rifkatu ta dube ni ta saman tabarau. Ta fara dariya, dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ta jawo kwanon ta rufe, ta ajiye a bayanta.

"To yi tambayarki."

Na gaya mata komai, Gwaggo da gonar da rijiyar, da abin da aka ce mini a jiha da abin da aka ce mini a Abuja, da amsar da dagaci ke jira. Ta san maganar masana'antar, takardunta sun bi ta teburinta. Ta fara yi mini bayanin haɗin gwiwa tsakanin matakan gwamnati, da kwamitin da za a kafa. Na bari ta kai aya, sannan na ce na ji wannan a wurare biyu, mahaifina suna yake so, ko ofis, ko ƙofa. Ta tambaye ni rijiyar a cikin filin da kamfanin zai kewaye da waya take ko a waje. Na ce a waje, amma daga bakinta ana hango inda suka kafa turaku.

Ta cire tabarau ta murza idanunta, ta daɗe tana kallon layin motocin. Abin da ta faɗa shi na kai wa Abba ban ƙara ban rage ba, kuma a kansa ya aika wa dagaci cewa bai yarda ba, ko da yake ya san ƙin mutum ɗaya ba lallai ya tsayar da komai ba.

"Daga waya zuwa ciki namu ne," in ji ta. "Zan shiga in auna, ranar da kamfanin ya aiko mini da mota. Daga waya zuwa waje na jiha ne, su kuma ba su da abin awo. Namu ba a ba mu izinin fita da shi ba, su ba a ba su kuɗin sayen nasu ba. Ki gaya wa babanki, kuma ki ce ma'aikaciyar gwamnati ce ta faɗa miki da bakinta: rijiyar yayarsa, a yadda abubuwa suke yau, babu mai duba ta."